Bayan Sabo'u

Da aka kwashe gyaɗa a gonar Barau,
ƙasa ta yi laushi, sai ga Malam Tukur
da wani ƙwallo mai tsini biyu
kamar gwandar da ta sha fari.
Wai a Amurka da hannu ake jifansa.
Muka yi dariya har Nakande ya ƙware.

Ya bi mu da ido ɗaya bayan ɗaya
kamar mai taya rago a kasuwar Gujungu.
Da ya iso kaina bai tambayi gudu ba.
Ya ga kafaɗar da ke sauke buhun shinkafa
a injin Alhaji Tsalha tun asuba,
ya ce: Mati, ƙarshen layi, hagu.

Na ce: ƙwallon fa?
Ya ce: ba naka ba ne.

Mu biyar muke durƙusawa, ni ne na gefe.
Sabo'u da dama yake jifa.
In ya ɗaga hannu yana neman mai cafewa
sai ya ba hagu baya,
abin da zai zo masa ta nan ba ya gani.
Ni ne idon ƙeyarsa.

Ilu kuwa, ɗan mahauta, siriri kamar tsumagiya,
ba ya tsaya mini gaba da gaba.
Can waje yake ja, taku biyu daga kafaɗata,
hannu ɗaya a ƙasa, ƙugu a sama,
karen farauta da ya ji ƙaho.

Ranar farko jinin kokawa ya motsa,
na cakumi rigarsa, na raba shi da ƙasa.
Usur ya yi ƙara. Riƙo laifi ne,
taku goma baya, kowa na harara ta.
Tafin hannu a ƙirji, in ji Malam, tura kawai,
kuma kada ka je masa, bari ya zo.
Ni da ban taɓa matsawa a fage ba
aka ce in koyi ja da baya irin na rago.

Sati na uku ya yi mini wayo.
Ya tsaya can waje kamar kullum,
na buɗa ƙafa na tare masa hanya,
sai ya karyo ta ciki, tsakanina da Jibo,
ta ƙofar da na buɗe da kaina.
Ban ga faɗuwar ba. Jin ta na yi:
tim,
da numfashin Sabo'u da ya fice gaba ɗaya.
Ya daɗe kwance, ƙasa a bakinsa.
Da ya tashi bai ce mini komai ba.
Da ma zagina ya yi.

Tun ranar na daina kallon fuskar Ilu,
fuska maƙaryaciya ce.
Yatsunsa nake karantawa.
In ya danne su har farce ya nutse,
ta waje zai kwaso da gudu.
In sun yi sako-sako, nauyi na kan dunduniya,
zai ratso ta ciki,
ko su yi musayar gurbi shi da Nakande.
In kuwa ya matso daidai hancina karo yake nema,
wannan ya kawo kansa injin Alhaji Tsalha.

Jiya Inna na tankaɗe ta ce:
an ce kun ci 'yan Kwalam. Sau nawa ka jefa?
Ko sau ɗaya.
To sau nawa ka taɓa shi?
Na yi shiru.
Ta karkaɗe rariya: to wahalar ta mece ce?

Ban sami amsa ba sai dab da magariba,
da Sabo'u ya koro awakinsu ta ƙofar gidanmu
sanye da farar rigar da ya yi wasa da ita.
Gabanta jiƙe da gumi,
bayanta fes, ko ɗigon ƙasa babu.
Bai san ina zaune a dakali ba.
Na bi bayan nan da kallo
har ya sha kwana.